Hannun Da Guga Ya Cinye

Litinin, 3 ga Maris
Na ɗauko hoton sikanin cikina daga akwati. Ya fara dusashewa. Shi kaɗai ne hoton ɗana, tunda bai zo da rai ba, ban ma gan shi ba. Da ana ganin hannunsa sarai kusa da baki. Yanzu sai na matsa bakin taga.

Laraba, 5 ga Maris
Na kai wa mai shagon kwamfuta, na ce ya manne mini shi a leda. Ya ce, "Yaya, rufa mini asiri! Irin takardar rasit ce, zafi ke rubutu a kanta. In ta shiga injin nan, gawayi zan miƙo miki." Ya gwada ɗaukarsa a na'ura, sai ninkin tsakiya ya ratsa fuskar. Ya ce in danne shi ya miƙe, in dawo.
Na gaya wa maigida. Ninkin kawai na faɗa, ban faɗi zafin ba. Ya ci gaba da ɗinkinsa, kamar kullum in zancen yaron ne.

Alhamis, 6 ga Maris
Tela dai tela ne, komai ya lanƙwashe guga ne maganinsa. Ina shanya na ji salatinsa. Ya ɗaga dutsen daga kan hoton da sauri, amma gefen ya yi baƙi ƙirin. Hannun ya tafi.

Asabar, 8 ga Maris
Ba na yi masa magana. Abincinsa na ajiye.

Talata, 11 ga Maris
Shi ya ce mu koma shagon. Mai kwamfuta ya sa baƙar takarda a bayan hoton, ya yi ta ƙara duhu har fuskar ta fito. Hannun kam, ya ce sai haƙuri. Maigida ya ce, "Yatsu uku ne a buɗe, babban yana baki." Ashe yana buɗe akwatin in ba na nan. Ya nuna allon kwamfutar: "Wannan hancin nawa ne."

Juma'a, 4 ga Afrilu
Takardar ta kusa zama fara. Na mayar da ita akwati. Hoton da mai kwamfuta ya ɗauka yana wayata, yana wayar maigida.
Hancin ba nasa ba ne, nawa ne. Na gaya masa muna cin abinci. Har yanzu musu yake.