Haruffa Bakwai a Gwangwanin Biskit

Omaha, 24 ga Fabrairu

Mama Odessa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Na san ƙarar keken ɗinki ta cinye miki kunne, ba kya jin waya, shi ya sa na ɗauki biro, abin da rabona da shi tun makaranta.

Yau kwana tara ke nan da kulob ɗinmu na Louisville ya yi musanya da ni, ya turo ni kulob ɗin nan Omaha. Shekara goma sha ɗaya ina buga musu ƙwallon kwando, amma a talabijin na ji labari, ina shagon aski, an aske mini rabin kai. Sai daga baya manaja ya kira, wai albashina ya yi wa kulob nauyi, da kuɗina ni kaɗai sun samo yara biyu masu gudu kamar an koro su, kuma da su ma za a kai wasannin ƙarshe. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Nan a otal nake zaune. Gadon ya yi mini gajarta, ƙafafuna a waje suke kwana. Yaran sabon kulob suna ce mini "yallaɓai", ba mai ce mini Dogo. Ranar wasa saboda sabo sai in sayi kofi biyu, in tsaya riƙe da naki kamar wawa. Kaɗaici ya ishe ni, Mama.

Ran 20 ga Maris za mu zo wasa wajenku. Ana ba baƙon ɗan wasa tikiti biyu. Na yi ta tunanin wanda zan ba, sunanki kaɗai ya zo mini. Shekara talatin kina ɗinka sunayenmu a bayan riguna a ɗakin ƙasan filin wasa, ba ki taɓa hawowa kin ga wasa ba. Don Allah ki zo.

Ɗanki,
Lemuel Gaskins


Louisville, 1 ga Maris

Dogo,

Na samu wasiƙarka, ƙafa da sauƙi. Rubutunka kuwa sai ka ce kaza ta yi tono.

Kafin ka ba ni tikiti, saurara. A wannan sana'a mai ɗinki ce take fara sanin wanda za a sallama, domin sabon yaro ba zai shiga fili ba suna a bayansa ba. Ranar Talata, kwana biyu kafin askin nan naka, aka sauko mini da takarda: riga mai lamba goma sha huɗu, a ɓare GASKINS, a sa wani suna. Ina cikin ɓarewa da reza ka shigo da kofi. Na jefa tawul a kan rigar. Ka zauna kana ba ni labarin gidan da kake shirin saya kusa da cocinmu, ni kuma na shanye kofin tas, ban ce uffan ba.

Zan iya ce maka doka ce ta hana ni faɗa, kuma wani sa'in cinikin yakan watse. Amma gaskiyar ita ce tsoro na ji. Wadda na gada, bakinta ne ya raba ta da aikin, ni kuma shekarata sittin da bakwai.

Allah ya kiyaye gwiwar nan taka.
Odessa Pruitt


Omaha, 5 ga Maris

Malama Pruitt,

Bayan gaisuwa. Manaja bai taɓa shan kofina ba, don haka nasa bai yi mini zafi ba. Ke kuwa kina kallona ina zuba kamar famfo, sunana yana ƙarƙashin tawul! Ko ido ai sai ki ƙifta mini. Ashe duk garin nan ba ni da kowa.

Tikitin suna aljihuna, can za su tsufa.

L. Gaskins


Louisville, 12 ga Maris

Dogo,

Ina gaisuwa, ko ba ka so. "Malama Pruitt" kuma? To, sannu mai girma.

Ba zan kare kaina ba, na yi maka laifi, kuma yana cina. Tun tafiyarka ba wanda ya sauko ɗakin ƙasa. Yaran biyu suna cin wasa, mutane sun fara manta ka, ni kuwa yaran ko sunana ba su sani ba. Haruffan nan bakwai na sunanka an ce in zubar, na zuba su a gwangwanin biskit, suna nan kusa da kekena.

Jiya na je gidan maƙwabciyata na gan ka a talabijin. Wane mugu ne ya ɗinka maka suna a can? Harafin farko ya sunkuya, na ƙarshe yana neman shiga hamatarka! Ka tsane ni in ka ga dama, amma ba za ka shiga filina da suna a karkace ba. Ka kawo mini rigar awa biyu kafin wasa, ko ba za ka yi mini magana ba.

Taka,
Odessa


Omaha, 16 ga Maris

Mama Odessa,

Gaisuwa. Ga tikitin duka biyu a cikin ambulan, ɗaya naki, ɗaya ki ɗora ƙafar a kai. Zan kawo rigar.

Har yanzu ina fushi. Sukari biyu ne a kofin, ko likita ya hana?

Dogo