Dutsen Hauwa'u a Kwamfuta

Daren Talata, Bunkure

Na dawo daga Kano a gajiye, amma murna ta hana ni kwanciya. Jikata Hauwa'u da ke jami'a a can ba za ta ajiye karatun ba. Tun damina take kukan lissafinta ya ƙi fita, har ta fara maganar haɗo kayanta ta dawo gida.

Da yake na ji aikin nata na sinadarai ne, sai na ƙullo mata ƙasar gonar tumatir a leda, ko za ta yi mata amfani. Ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce, "Haba tsoho, ni ko kwalba ba na taɓawa. Komai a kwamfuta nake yi." Na ce, "To amarya, nuna mini."

Ta nuno hoton wani dutse a kwamfutar, zeolite sunansa, cikinsa duk 'yan hanyoyi kamar kanal ɗinmu na ban ruwa. Ta ce idan aka cire aluminiyam aka sa boron a gurbinsa, ƙarfin asid ɗin wurin yakan ragu, ita kuma tana lissafa yadda yake raguwa. Kalmar boron da kaina na karanta ta, harafi bayan harafi, yadda aka koya mana a ajin yamma na yaƙi da jahilci.

Jiya lissafin ya fita, malaminta ya duba ya ce ta ci gaba. Rabin bayanin ban gane ba, amma na ga fuskarta. Ta ce saura shekara ta gama. Allah ya nuna mini ranar da raina.