Rigar da ta tsallako gada

Litinin, 3 ga Maris

Babbar 'yata ta zo daga tsallaken gada, ciki wata takwas, kamar ta haɗiye tukunya. Baban yara wai ta fara wanke hannu da ruwan maganin nan mai warin asibiti, wai zazzaɓin nan a unguwarsu ya fara. Na ce ni na haife ta, in cuta ce tun a ciki muka gama shafa wa juna. Kwano ɗaya muka ci. Ta yi dariya har ta ƙware.

Alhamis, 6 ga Maris

Sun liƙa mana hotunan zaɓe a bango, ko sallama babu. Ɗaya Mai Makulli, shi ne ya ce in ya ci zai rufe gada, kowa ya zauna ɓangarensa har ciwo ya wuce. Ɗayar tsohuwar malamar asibiti ce, ita wai a gyara famfo a ƙaro likitoci. Auta ta zana wa Mai Makulli gashin baki da biro. Ni dai tunda nake, inda baban yara ya nuna nan nake dangwalawa.

Lahadi, 9 ga Maris

'Yar tela ta rasu. Kwana huɗu kawai. Ajinsu ɗaya da Auta, ran Talata ma a jan kofinmu ta sha ruwa. Na jefar da kofin.

Ga Auta da ƙirjin nan nata, hayaƙi kaɗan ta shaƙa sai numfashi ya kama fito. Ita in zazzaɓin ya kama ta ai ko kwana huɗun...

Laraba, 12 ga Maris

A layin famfo ana cewa wani baƙo daga tsallake ne ya kwana gidan tela. Ban sani ba ko gaskiya ne. Matar mai gyaran babur ta ce, ke ba can 'yarki take ba? Ta janye bokitinta daga jikin nawa.

Babba ta kira. Umma don Allah kar ki zaɓi mutumin nan, in ya rufe wa zai riƙe min hannu ranar haihuwa? Na ce ni da ko hotonsa ba na son gani. Lokacin da nake faɗa ina goge hannun ƙofa karo na uku.

Asabar, 15 ga Maris

Zaɓe. A hanya baban yara ya ce, malamar asibiti za mu yi, saboda yarinyar can. Na ce to.

Kowa da takunkumi, amma tawada ɗaya duk muke dangwala yatsa a ciki. Na tsaya ina kallonta, jiƙe sharkaf, yatsu nawa suka shiga? Wani a bayana ya yi tari. Ba wani tari ba ne ma. Na shiga bayan kwalin da ake ɓuya a dangwala ƙuri'a, na ga hoton makulli, sai kawai fuskar 'yar tela da jan kofi.

Yau na fara zaɓar abin da ni na ga dama. Shi na zaɓa.

Talata, 18 ga Maris

Ya ci. Sun gitta ƙarafa a gada da safe.

Babba ta ce Umma wa kika zaɓa? Na ce wadda babanki ya zaɓa. Ta ce na sani ai, tambaya kawai nake. Tawadar ta ƙi fita daga farcena, har da soso na dirje.

Alhamis, 27 ga Maris

Ta haihu. Mace. Wata maƙwabciyarta ce ta riƙe ta, ko sunan matar ban sani ba.

Na je bakin gada da fulas na ruwan zafi, ban san ma me zan yi da shi ba. Sojan ya ce, Mama koma gida. Na ce jikata ce can, ɗana, minti goma kawai. Ya kalli hannuna ya ce, ai ku kuka ce a rufe, mu aiki aka sa mu. Ƙila ga kowa haka yake faɗa. Na ɓoye yatsan a mayafi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Auta lafiyarta lau. Ko tari babu. Ina ta faɗa wa kaina haka.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Direban motar asibiti, su ana barinsu su tsallaka, ya kawo min ƙulli daga Babba. Rigar jaririyar ce, 'yar ƙarama kamar tafin hannu, da tabon nono a wuya. Da takarda a ciki. Umma ban wanke ba, don ki ji ƙanshinta.

Ban san ya aka yi ba. Auta ta miƙo hannu za ta ɗauka, na buge hannun. Na ga dai na ɗauki rigar da bakin muciya, na ga tana cikin bokiti, ruwan magani ya rufe ta. Sau biyu na canza ruwan.

Babba ta kira da yamma. Kin ji ƙanshinta? Na ce na ji, irin naki ne sak kina jaririya. Ta yi kuka, ni ma.

Baban yara ya shigo da murna, wai ƙarshen wata za a buɗe gada, za mu ɗauko su su zo su yi sati a nan. Na ce Allah ya sa. Gabana ne ya faɗi. Gajiya ce ina ji.

Rigar ta bushe a igiya. Na sa hancina a ciki na daɗe. Warin asibiti kawai.