Raga Mai Yatsu Uku

Badagiri, bakin teku
12 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina Inna, ina Malam Yasin maigidanki da yara? Da fatan gero ya shiga rumbu lafiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda kamar zamanin lakwal, muna 'yan makaranta. Salulata ce ta faɗa teku ranar da na fara shiga kwalekwale, yanzu kifaye ke amsa kira. Shi ya sa na ba Sallau direba wannan, shi da ke bi ta Ɗan Barto.

Yaya, na ga teku! Tafkin Kuka Biyu da kuke taƙama da shi, ke da ƙungiyarku ta mata masu suyar kifi, ko ruwan alwalarsa bai kai ba. Ina aiki wurin wani tsohon masunci, Baba Sewanu, mai Hausa kamar jakin Kano. Mu talatin muke jan taru tun hantsi har azahar, ga waƙa ga zufa. Amma in ya fito, abin dariya abin tausayi: leda, robar lemo, silifa wari guda, sai ɗan kifi a gindin kwando. Jiya har kan 'yar tsana muka kamo.

Na san na yi miki alkawarin kifi mai tsawon ƙofa. Ga abin da ya samu a ƙunshi, a yi haƙuri da shi tukuna.

Ƙanenki,
Habibu Sarkin Teku

Matamai
3 ga Disamba

Habibu,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Inna na sa maka albarka, ta ce ka rage shiga ruwan da ba a ganin gaɓarsa.

Ranka ya daɗe Sarkin Teku, ƙunshi ya iso. Har maƙwabta na kira su zo kallon kifi mai tsawon ƙofa. Ina kwancewa maƙwabciyata Sakina ta ce, "Ai ƙofar akurki yake nufi." Ka ba ni kunya, Allah ya shirye ka.

To bari ka ji aikin manya. Da ƙarshen damina ma'aikatan gandun daji sun zuba mana 'ya'yan tarwaɗa da karfasa a tafki. Sarkin Ruwa Shekara ya kafa sandarsa a gaɓa, ya ce ba mai su sai Afrilu. Haba! Wa zai zauna kaskon suya ya yi sanyi wata biyar? Sai na yi dabara. Gidan sauron da aka raba mana a gidan likita na haɗa huɗu na ɗinke, muke ja ta bayan gonar rake inda tsoho ba ya leƙawa. Habibu, ba abin da ke tsira, har mai kamar farce! Mu shanya, mu daka, duk miyar kukar unguwa ta gyaru. Yanzu mata tara sun kwaikwaye ni.

Kai ka tafi teku neman kifi, ni ina gida ina kwasa. Ka gaida 'yar tsana.

Yayarka,
Mas'uda

Badagiri
20 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Yau ba wasa a bakina.

Na karanta wa Baba Sewanu takardarki don ya yi dariya, bai yi ba. Ya ja ni bakin ruwa ya nuna mini manyan jirage can nesa. Ya ce tarunsu kamar rariya yake, suna share teku har ƙasa, uwa da 'ya da ƙwai, abin da ba su so su watsar matacce. Su ma ƙananan masunta da suka ga haka sai suka ƙanƙance idon raga, har shi, kowa na gudun kada wani ya riga shi. Yana saurayi mutum biyu ke saɓa kifi ɗaya a kafaɗa. Yau 'ya'yansa uku duk kabu-kabu suke yi da babur a birni. Ya ce, "Ka gaya wa yayarka ita ma jirgi ce, ƙarami dai."

Wallahi na ji tsoro. In teku da girmansa ya kai haka, ina ga Kuka Biyu? Ki tuna marigayi Baba, ko shekarar da muka sha kunun dusa bai bari an daka iri ba.

Ga wata tsohuwar raga tsohon ya ce in aiko miki. Ƙa'idar kakanninsa ce: in yatsu uku ba su shiga idon raga ba, ba ta shiga ruwa.

Ki yafe mini in na yi rashin kunya.

Habibu

Matamai
18 ga Janairu

Habibu,

Bayan gaisuwa. Takardarka ta ɓata mini rai ƙwarai. Ni ce jirgi? Ragar kuwa ina dubawa na ce wannan ai kifi zai wuce ta ciki da rawaninsa. Na rufe salatin lambu da ita saboda kaji.

Amma Allah ya kama ni. Da sauro ya ga mun kai gidajensa tafki, sai ya tare a namu. Malam Yasin ya yi kwana huɗu kwance da zazzaɓi. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai ma'aikaciyar gidan likita ta tambaye ni ina gidan sauron da aka ba mu, alhali yana tafki. Ga tafki kuma: satin farko roba uku muke cikawa, wancan sati ko tiya ɗaya ba mu samu ba. Na ɗebo tafin hannu guda na baza a faifai na ƙirga. 'Ya'yan tarwaɗa sittin da biyu, Habibu, a miyar yini ɗaya! Sai maganar irin shuka ta marigayi Baba ta faɗo mini. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Na tara mata a gidan Hajiya Fadima 'yar ƙungiyarmu na karanta musu takardarka. Hajiya ta ce, "In mun bari, matan ƙetaren tafki za su kwashe." Na ce haka masuntan teku suka ce, ga 'ya'yansu kan babur. Muka ɗunguma wurin Sarkin Ruwa, na faɗi laifina da bakina. Tsoho ya yi mana tatas, ya ƙara wata guda a kan sandarsa, ya sa mu gadin gaɓa bi da bi, mu da matan ƙetaren.

Gidan sauro na warware na wanke na mayar. Har yanzu ɗakin ƙarni yake, kuliyoyin unguwa sun yi sansani a ƙofa.

Ko akwai saura a ruwan, Allah masani. In babu, kaskona ya mutu bana, da na mata ashirin, kuma ni na kashe. Ka taya ni addu'a.

Mas'uda

Matamai
11 ga Mayu

Habibu, salamu alaikum, albishirinka!

Ranar Lahadi Shekara ya cire sanda. Har daga Kance da Yauri an zo su. Tsoho ya tsaya a gaɓa yana zura yatsu uku a kowace raga, ya mayar da ta Hajiya Fadima gida tana ta masifa. Ni na kwance tawa daga kan salati.

Jan farko ba komai sai laka. Na kasa kallon kowa. Na biyu sai na ji raga ta yi nauyi tana fizga, Sakina ta rangaɗa guɗa. Karfasa kam mun yi mata ɓarna, kaɗan aka samu. Amma tarwaɗar da ta lafe a laka ta tsira, ta yi ɓul-ɓul. Ƙananan kuwa ina kallo suna wucewa ta idon raga da rawaninsu, na ce ku je ku girma, sai baɗi.

Ga babbar cikinsu na yi banda na ba Sallau. Ba taka ba ce, kada ka taɓa. Ta Baba Sewanu ce, ka ce masa in ji jirgi.

Inna ta ce hadari ya fara haɗuwa, ka taho shuka.

Yayarka,
Mas'uda

Badagiri
24 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa da jinjina. Saƙo ya iso.

Baba Sewanu ya gwada ta da hannunsa, daga yatsa har ta wuce gwiwar hannu. Ya kira masunta suka taru, wani ya ce daga wane teku? Na ce Kuka Biyu, bayan gonar rake. Aka yi ta dariya, aka raba kowa ya ɗanɗana.

Da aka watse sai na ga tsoho ya jawo tarun da muke ja kullum ya gwada yatsunsa. Ko ɗaya bai shiga ba. Sai ya ce in miƙo masa wuƙa ya yanke shi.

Ina tafe ranar Laraba in Allah ya yarda. A ajiye mini kan tarwaɗa.

Ƙanenki da ya sauka daga sarauta,
Habibu