Ka Sauko Min da Cholpon

Yaya Kubanych,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau nake a Mosko, aikin ɗinki yana tafiya. Yatsuna ne kawai ke ƙagewa da safe, kada ka gaya wa Inna.

Yaya, raina a ɓace yake. Malamar 'yata Cholpon ta kira ni, ta ce ranar da aka tara iyaye don bayanin ajin da ake koyar da lissafin jami'a, kujerarmu kaɗai ce babu kowa. An ba yara tambayoyi tamanin su yi a hutun nan, wanda bai kawo amsoshinsu ba ranar ɗaya ga Satumba, a ba wani gurbinsa. Kai kuwa ka ɗauke ta kuka hau dutse makiyaya tatsar nonon goɗiyoyi, har kana ce mata, "Ƙirga tumaki ma ai lissafi ne."

Ta yi maka dariya don kai kawunta ne. Ni ta yi wa kuka a waya.

Ka sauko da ita ranar kasuwa. In mai tatsa kake nema, faɗa min, in ajiye aikin nan in zo da kaina.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Nurzat