Sa Hannun Kawu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da gwiwar nan taka. Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage hawa bene.

To Kawu, ƙararka na kawo wurinka, don ban san wanda zan kai wa ba. Wata da watanni ina fama da facin nan, wato gyaran da na rubuta wa zuciyar manhajar da kwamfutoci suke aiki da ita, na tura shi zauren intanet na masu gyaranta inda duniya take karantawa, kai da kake riƙe da sashen sadarwa ka amsa mini da layi ɗaya tal: "Bai yi ba, a ƙara gwadawa." Haba Kawu! Ko baƙon da bai taɓa ganina ba ai ya ɗan sa mini albarka.

Umma ma, da ba ta san komai a kwamfuta ba sai kallon hotunan jikoki, ta gane amfanin abin. Na ce mata duk saƙon da kwamfuta ta aika, tana jiran ɗayar ta ce "na karɓa". Tana kuma auna lokacin zuwa da dawowar, don ta san yaushe za ta fid da rai ta sake aikawa. Agogon da ake awon da shi kuwa tsoho ne, kashi ɗaya cikin dubu na sakan yake ƙirgawa. A ɗakin injunanmu saƙo sai ya je ya dawo agogon bai ko motsa ba, amma sai ya rubuta ɗaya cikakke ya yi zamansa. Ni kuma na sa a riƙa auna kashi ɗaya cikin miliyan. Umma ta ce, "Au, da can da bokiti kuke auna gishiri?" Ka ji fa.

Ga abin da ya sa hankalina ya tashi. Oga ya kira ni ofishinsa, ya ce kujera ɗaya ce a kamfaninmu ta mai aikin zuciyar manhaja, kuma ba zai ci gaba da ajiye ni a kanta ba tare da ya ga sakamako ba. In facin bai shiga kafin ku rufe ƙofar karɓar gyare-gyare a ƙarshen watan nan ba, teburin amsa koke-koken kwastomomi zan koma. Kai ka koya mini aikin nan tun ina leƙe ta bayan kujerarka. Don Allah ka faɗa mini me bai yi ba.

A gaida Inna.
Taka, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun samu wasiƙarki, kuma duk muna lafiya. Gwiwa da sauƙi.

Na fahimci damuwarki. Sai dai ki sani, a zaure ba ni da 'yar ƙanwa. Yadda na amsa miki haka nake amsa wa kowa, kuma da na sassauta miki mutane za su gani, su raina aikin naki tun kafin su karanta shi.

Tunaninki daidai ne. Ni kaina na daɗe ina son a sauya agogon nan. Amma akwai ɓaraka a facin, kuma ban saba nuna wa mai faci inda ɓarakarsa take ba. Wanda ya gano da kansa ba ya sake yin ta, haka aka yi mini, haka na yi wa duk waɗanda suka biyo ta hannuna. Tambaya ɗaya zan yi miki: a kan me kika gwada shi?

Ki gaida mahaifiyarki. Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Kawu,

Salamu alaikum, da fatan an tashi lafiya.

A kan me na gwada shi? A kan manyan injuna biyu sababbi fil, a ɗakin nan mai sanyin tsiya da sai na sa rigar sanyi biyu nake iya zama. Na gwada da saƙo kaɗan, na gwada da saƙo kamar ruwan sama. Komai sumul. Sakamakon yana nan a zaure, ka gani da idonka.

Tun wasiƙarka kuwa ban huta ba. Wani ya ce in raba facin gida uku, na raba. Wani ya ce sunan da na ba ma'aunin ya yi tsawo, na gajarta, sai wani daban ya ce yanzu ba a gane shi. Akwai wanda bai ga komai ba sai tazarar da na bari a farkon layi. Duk na gyara, na sake turawa, kai kuma ka sake manna mini "bai yi ba" ko gezau. Wallahi da na gani sai da na kifa kaina a kan tebur.

Shi kuma Dogo, abokin aikina da muke ofis ɗaya, ya fara zagaye kujerata. Kullum sai ya zo da shayinsa ya tsaya a kaina, wai "Auta, ko in taya ki dubawa?" Taya ni ɗin me? Har tambayata ya yi ko kujerar tana kwanciya baya.

Umma ta ce ta kira ka a kan maganar, ka ce mata layin ba ya ji. Kai, mai riƙe da sashen sadarwa, layi ba ya ji! Ta yi ta dariya, ni kam abin bai ba ni dariya ba. Ba makaranta nake ba yanzu, Kawu, aikina ne a kan siraɗi. Kalma ɗaya kawai nake roƙo.

Taka, duk da haka,
Auta

*

Kawu,

Salam! Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na gano ta. Tunda ka yi mini shiru, haushi ya sa na shiga sito na jawo wata tsohuwar kwamfuta mai ƙura, wadda mai gadi yake ɗora butarsa a kai. Na haɗa ta da injina. Kawu, layin ya cushe nan take! Ashe ita ba ta amsa "na karɓa" da wuri, takan ɗan jira ta tara saƙo biyu ta amsa su tare. Tsohon agogonku, saboda rashin kaifinsa, yakan cika awon zuwa sama, sai ya bar ɗan sarari na haƙuri ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Nawa ya share sararin kaf. Da amsa ta ɗan yi jinkiri sai injin ya ce saƙo ya ɓata, ya sake aikawa, ya sake, har layin ya cika da maimaici. Sababbin injunana biyu ba sa jinkiri, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Na gyara. Awon yana nan da kaifinsa, amma na ware lokacin jira daban, na sa masa iyakar da ba zai yi ƙasa da ita ba. Na gwada a kan tsohuwar, da wayata, da kwamfutar akantan ofishinmu mai nawar tsiya. Duk lafiya lau. Na tura zaure ɗazu. Gobe kuke rufe ƙofa, saura sa hannunka kawai.

Ka ce wa Inna ta taya ni addu'a.
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya.

Ita ce ɓarakar, kuma gyaran da kika yi ya fi wanda nake da shi a raina. Na karanta shi sau biyu, ban sami abin cewa ba. Na ji daɗi ƙwarai, har Innarku ta tambaye ni me nake wa murmushi.

Amma ba zan sa hannu a wannan zagayen ba. Kin san ƙa'idar sashena: facin da ya taɓa kowace sadarwa sai ya kwana biyu a wurin gwaji, mutane sun ɗora shi a kan injuna iri-iri, kafin ya shiga. Naki jiya ya zo. Na mayar da mutane biyu a makon nan saboda wannan dalilin, ɗayansu ma ya girme ni. Ba zan iya buɗe miki ƙofar da na rufe musu ba. Da an sake buɗewa, naki ne na farko.

In kina so, zan rubuta wa ogan naki in yi masa bayani.

Allah ya ba ki haƙuri.
Kawunki

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. An kwana biyu ban ji daga gare ki ba, kuma na kira ba ki ɗauka ba. Mahaifiyarki ta ce kina lafiya. Alhamdu lillahi.

Na rubuta wa ogan naki duk da ba ki ce in rubuta ba. Ya amsa da ladabi, ya ce an riga an yi sauye-sauye.

An buɗe ƙofa a makon jiya. Wani daga kamfaninku, ina jin shi ne Dogon da kike faɗa, ya turo facinki da sunansa a sama. Na mayar masa, na ce a sa sunan wadda ta rubuta. Ya gyara, na sa hannu a ranar. Yanzu duk kwamfutar da ta ɗauki sabuwar manhajar da agogonki za ta riƙa awo. Na so ki ji daga bakina.

Innarku tana cigiyarki. Ki zo ranar hutu mu gaisa.

Kawunki

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, na gode da sunan.

Ban iya ɗaukar waya a wurin aiki yanzu, akwai abin magana a kunnena tun safe har a tashi. Yau wani ya kira yana faɗa wai intanet ɗinsa ba ya aiki, na ce ya kashe ya kunna, ya yi. Ya sa mini albarka sosai.

Kalma ɗaya na roƙe ka a farkon wancan watan, Kawu. Da ka faɗa, da facin ya kwana biyun da kake so.

Ranar hutu ina aiki. A gaida Inna.

Auta