Maraƙin Ciyawa a Teku

Daren Talata, Roni

Yau Inna ta cinye tuwonta, karon farko tun da aka tura ƙanena Buba jirgin yaƙi. Da ya kira, ta tsare shi: "In aka harbo muku makami mai linzami, ina za ku gudu a tsakiyar teku?"

Ya ce, "Akwai abin da muke cillawa gefe, Inna, sai makamin ya ɗauka jirgin ne, ya bi shi."

Ta fashe da dariya. "Ashe dabararmu ce! Maraƙi ya mutu, a cusa wa fatarsa ciyawa, uwar ta lasa, a tatse ta."

Ni kuwa na tuna jar saniyarmu da ta gane, ta hana nono. Ga Inna can tana ta minshari, alhamdu lillahi.